Ƙodar Ranar Lahadi

Shekarar da na roƙi a ɗauke ni daga babban asibitin Garwa a kai ni ƙauye, kowa ya ɗauka kaina ya taɓu. A zamanin nan, in aka ce an tura ma'aikacin gwamnati ƙauye, jaje ake zuwa yi masa, ana tambaya ƙasa-ƙasa wane babba ya taka. Shugaban ƙasa ɗan garinmu ne, hotonsa na rataye a kowane ofis, ana ta zuba kwalta da gine-gine, kowa so yake ya matso kusa da inuwa. Ni kuwa da ƙafata na je ina neman a yi nesa da ni.

Ƙaramar nas ce ni a lokacin, a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata. Gadaje ba su isa ba, hannuwa ba su isa ba, haƙurina da ma ba mai yawa ba ne, shi ma ya daina isa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne halin mutanenmu. Za ki zagaya da safe ki ce, "Yaya jiki?" kowa ya ce da sauƙi. Wanda ke numfashi sama-sama ma da sauƙi. 'Yan'uwansa da ke zaune a bakin gado sun yi tagumi, su ma da sauƙi. Mu dai ba a cewa jikin mara lafiya ya tsananta, kamar faɗin ne zai ƙara masa. Na yi suna wajen faɗa a kan wannan. Nakan ce, "To in da sauƙi me ya kwantar da kai? Tashi ka ba wani gadon." Tun da wuri na koya wa kaina kada in saurari baki. In ɗaga mayafi in gani da idona, in matsa kusa in ji da hancina. Duk sabuwar da aka kawo ɗakinmu, wannan ne karatun farko da nake ɗora ta a kai.

Burina kuwa shi ne konkur, jarrabawar da ake tace mutane kafin a ɗauke su makarantar manyan nas-nas a kudu. Wanda ya ci, ya yi karatunsa ya fito da babbar difloma, shi ne zai riƙe ɗaki, ba a aike shi ɗauko fo. Na taɓa zama sau ɗaya na faɗi warwas. Ba don kaina ba ya ja ba. In na tashi daga aiki na buɗe littafi, layi na biyu ba ya ƙarewa sai dai Inna ta zare shi daga ƙarƙashin kumatuna. Aurena na fari ya riga ya mutu, ina zaune gidanmu, kuma baffannina fatake sun fara lissafa mini zawarawa masu shaguna. Na san in na sake faɗuwa bakina ya mutu. Taura biyu ba ta taunuwa, ga ɗakin tiyata ga littafi.

Akwai wata hanya da ma'aikata ke bi, musanyar wurin aiki. In mutum biyu masu matsayi ɗaya suka yarda, wannan ya koma wurin wancan, sai manya su sa hannu kawai. Wani nas da ke ƙaramin ɗakin shan magani a Pitowa ya daɗe yana neman hanyar shigowa gari saboda makarantar 'ya'yansa. Da aka haɗa mu ya yi ta kallona, yana jiran ya ji inda tarkon yake. Na ce masa babu tarko, barci nake nema da wurin buɗe littafi. Ran da majo, wato shugaban ɗakinmu, ya ce an amince, na taho gida ina cewa a raina abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Sai da na iso bakin lungunmu na hango zauren Baba, murnar ta ɗan rage.

Baba ba mahaifina ba ne. Mahauci ne, maƙwabcinmu, katanga ɗaya ta raba mu, kuma aminin mahaifina tun suna samari, duk da baffannina ba su taɓa jin daɗin ɗan fatake ya riƙa cin tuwo da mai wuƙa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Tun da mahaifina ya rasu, kullum ta Allah sai ƙunshin nama ya tsallako gidanmu. Yankan Baba ba ya ɓuya. Yakan bi nama ya zare jijiya tas saboda haƙoran Inna, ya yanka shi falle-falle, babu ɓurɓushin ƙashi ko ɗaya. A gefe kuma sai ya sa ƙoda guda cikin kitsenta, wannan tawa ce, saboda wai ina ƙarama na taɓa yin birgima a gaban teburinsa a kan ƙoda. Na girma, na yi aure, na fito, ban daina karɓar ƙodata ba.

Ciwon suga ya kama shi da girma. Wata rana a mahauta tsinin ƙashi ya huda masa tafin ƙafar hagu, bai ma ji ba sai da ya ga jini a takalmi. Ɗan huji ya zama gyambo. Mai suga kuwa, in ciwo ya samu ƙafarsa, sai an bi shi kullum kamar jinjiri. Asibiti, lopital a bakin mutanenmu, da safe ake wankin ciwo, shi kuma safiya ita ce kasuwarsa, daga sallar asuba yana mahauta har rana ta take. Saboda haka ni na ɗauki abin. Babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, yakan sayo auduga da bandeji da ruwan wanki, ni kuma in na dawo aiki, ko kafin in tafi in ina da aikin yamma, sai in shiga zauren in durƙusa in ɗora ƙafar a cinyata. Ina wankewa muna faɗa. In ce ya daina shiga ruwan jini da silifa, ya ce in saya masa jirgin sama. In ce Goggo, matarsa, ta gaya mini ya sha shayi da suga, ya ce Goggo 'yar leƙen asirin gwamnati ce. Da haka da haka ciwon ya yi ta tsukewa, har ya rage bai fi bakin kwalba ba, ja sosai, mai tsabta.

A wannan gaɓar takardata ta fito.

Na gaya masa ina cikin naɗe bandeji, kaina a sunkuye. Na ce, "Baba, an mai da ni Pitowa. Ni na nema. Karatun nan nake so in yi."

Ya ce, "Madalla. Pitowa ai bayan gida ne."

"Ƙafar fa?"

"Wace ƙafa? Wannan da kika riga kika gama da ita? Uwata, jeki ki yi abin da ke gabanki. Allah ya ba da sa'a."

Na ce na yi magana da wanda zai maye gurbina, ya yarda zai riƙa wanke masa in ya je asibiti, ko da rana ta yi. Ya ce to. Na ce ya yi mini alkawari. Ya ce, "Sai kin sa ni rantsuwa a gaban jikokina?" Muka yi dariya. Na san wannan "to" ɗin, na sha jin irinta a bakin gado. Amma ranar ita nake so in ji, sai na karɓe ta hannu bibbiyu.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin Pitowa. An gama sayen auduga, manyan motoci sun daina tayar da hankalin gari, manoma na hutawa kafin ruwa ya sauka. Da safe in ba da maganin zazzaɓi, in ɗiga wa yara maganin ido, in yi allura biyu uku, in wanke yankan lauje. Matan Fulani su zo da gaisuwarsu mai tsawo, "Jam na? Jam saare?" har in manta abin da ya kawo su. Kafin azahar benci ya zama wayam. Aka ba ni ɗaki a bayan wurin aikin, ga wata bishiyar darbejiya a ƙofa. Nan nake shimfiɗa tabarma in baje littattafaina har la'asar sakaliya. Na yi barcin da na yi shekaru ban yi ba. Wuyana ya ciko. Na daina yi wa marasa lafiya tsawa, har wata tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin likita mai sanyin hali irina ba, na ce a raina, da kin zo Garwa bara.

Karatu kuma ya fara zama. Sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da Faransanci, waɗanda da suke zame mini, yanzu in na kama sai su tsaya. Inna ta aiko cewa kada in riƙa zirga-zirga, gida hayaniya ce, ga baffanni da maganar aure, in zauna sai jarrabawa ta zo. Ban yi gardama ba. Daga Pitowa zuwa Garwa, in mota ta tashi, kafin ka gama cin goro ɗaya kun isa. Duk da haka na zauna.

Lahadi ce ranar kasuwar Pitowa, kasuwa ce babba, mahautan Garwa kan zo da nama su kuma duba shanu. Lahadin farko ina zaune sai ga Yaya da ƙunshi a hannu. Na buɗe, na ga yankan Baba falle-falle, ga ƙodata a gefe cikin kitsenta.

"Ya ce a kawo wa Uwarsa, kada karatu ya cinye ta."

"Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi."

"Yana zuwa lopital ɗin kuwa?"

"Ya je."

Haka muka yi ta yi duk Lahadi. Ya kawo, in tambaya, ya amsa, in ba shi ruwa ya sha, ya koma kasuwa. Yaya mutum ne mara yawan magana, ko da lafiya lau sai ka yi da gaske kafin ka ciro kalma biyar daga bakinsa. Wannan ya yi mini daidai.

Ana tsakiyar zafin bazara, wata Lahadi na buɗe ƙunshi na tsaya. Ƙoda tana nan. Amma naman guntu-guntu ne, an sassare shi da gaggawa, jijiya a jiki, da na sa hannu sai da ɓurɓushin ƙashi ya soke ni. Wannan hannun Yaya ne. Baba ko yana zazzaɓi ba ya barin wani ya yanka naman gidanmu. In har wuƙa ta koma hannun Yaya, to Baba ba ya zuwa teburinsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai fasa kasuwa ba sai ranar da ya binne mahaifiyarsa, in ya zauna gida, ba hutu yake yi ba. Duk wannan lissafin na gama shi kafin in ɗago kai.

Na ce, "Yaya, Baba lafiya?"

Ya dubi darbejiya. "Da sauƙi. Zafin nan ne, muka ce ya ɗan huta."

Ni da nake koya wa sababbi kada su saurari baki. Tambaya ɗaya ta rage in yi, in ce ciwon yana wari ko ba ya yi. Yaya mahauci ne, ba zai iya yi mini ƙarya a kan wari ba. Tambayar ta zo har bakina. Na san in na yi ta, amsar za ta tashe ni daga tabarmar nan, ta mai da ni zauren Baba safe da yamma, ta mai da ni cikin motar haya kullum, littafi kuma ya koma matashin kai. Sai na ce, "Gaskiya zafin bana ya yi yawa. A gaishe shi." Na gasa ƙodar na ci, na koma kan babin da nake.

Ba wai ban motsa ba sam. Ran Talata bayan na sallami mutane na ɗauki jakata na tafi tasha. Motar Garwa tana tsaye, fasinja uku a ciki, direba ya ce sai ta cika. Na shiga na zauna na buɗe littafi. Rana tana dukan rufin mota, gumi yana ɗiga a kan takarda, ɗan kamasho yana ta kiran "Garwa, Garwa!" ba mai zuwa. Da a ce haihuwa ce ta gardama aka kira ni, da na san yadda zan yi, da na tsaya bakin titi na tare ko motar kaya ce. Amma na zauna ina duban kujerun da babu kowa, kuma gaskiyar magana, duk wanda ya doso motar sai in ji gabana ya faɗi, in ya wuce in ji sanyi. Da aka kira la'asar ba ta cika ba, na sauko na ce Allah bai yi ba. Na koma ƙarƙashin darbejiya da zuciya mai nauyi, amma na karanta shafi da yawa ranar.

Ruwa ya sauka, masu zazzaɓi suka ƙaru, na samu abin fakewa. Sai wata Lahadi ƙunshi ya zo babu ƙoda. Na juya naman sama da ƙasa, babu. Yaya bai san da zancen ƙoda a matsayin wani abu ba, Baba ne ke tuna masa. In ƙoda ta ɓace, to mai tunawar ba ya cikin halin tuna komai. Saura kwanaki kaɗan jarrabawa. Yaya ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya miƙo mini ƙunshin bai ko zauna ba. Ranar ban ma tambaye shi ƙafar ba, cewa na yi, "Mutanen gida fa?" Ya ce suna gaisuwa. Na yi kunnen uwar shegu da abin da fuskarsa ke faɗi, shi ma na ga kamar ya gode mini.

A Garwa ake rubuta jarrabawar, a wata makaranta da ke kallon asibitinmu, titi ne kawai a tsakani. Na iso gida ana gobe za a fara. Na ajiye kaya na ce bari in leƙa Baba. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ba ya nan. Sun tafi Gider sayen shanu." Mutum mai gyambo a tafin ƙafa, da damina, a kasuwar shanu. Ko yaron goye ba zai karɓi wannan ba. Na ce, "Allah ya dawo da su lafiya." Na shiga ɗaki na yi bitar ƙarshe.

Na rubuta jarrabawa yadda ban taɓa rubuta komai ba. Alƙalamina gudu yake. Har tambaya aka yi a kan kula da ciwo a jikin mai suga, na cika shafi na nemi ƙari. Ta taga ina hango rufin tsohon ɗakinmu, nakan ɗauke kai.

Ran da aka gama, na dawo gida na tarar da Inna da mayafinta a kai, tana jirana a tsakar gida. Ta ce, "Kada ki cire takalmi. Baba yana asibiti, a ɗakinku. An yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Ya kwana biyu bai san wanda ke kansa ba, amma ya farfaɗo."

Na yi abin da na fi iyawa, na kama faɗa. Don me aka ɓoye mini? Ni bare ce? Pitowa Makka ce da ba za a aiko ba? Inna ta bar ni na zazzage. Ta ce shi ya tara su, ita da Goggo da Yaya, ya ce duk wanda ya kai mini labari kafin in ajiye alƙalami bai yafe masa ba. Na ce ai ba a biye wa mara lafiya. Sai ta dube ni, irin kallon da take yi wa mai awo in ya danne mudu.

"Mun ɓoye, gaskiya ne. Ke kuma kin taya mu."

Ba ta sake faɗin haka ba har ta bar duniya, ba kuma wanda ya taɓa faɗa mini irinta. Muka kama hanyar asibiti.

Nas ɗin da muka yi musanya da shi ne ya tare ni a bakin ɗaki. Ya ce wallahi madam, tsohon ya zo sau biyu, ya wanke masa da hannunsa, daga nan bai sake ganinsa ba sai da aka kawo shi ranga-ranga. Ba shi da laifi, na gaya masa haka. Baba ya ga layi, ya tuna teburinsa, ya ce gobe. Goben ta yi ta gaba. Ya koma shiga ruwan mahauta, ana ɗaura masa abin da maƙwabta suka ce yana da kyau. Likitan da ya yi aikin ma ya kira ni gefe ya ce irin wannan ƙafar, ko ana wanke ta safe da yamma, sau da yawa ƙarshenta ke nan. Na sani. Ni da kaina na gaya wa mutane da yawa wannan maganar daga baya, kuma gaskiya ce. Sai dai ni na ga ciwon nan bai fi bakin kwalba ba, ja, mai tsabta, a kan cinyata.

Yana kwance a gadon da ke kusa da taga. Ya zube, gemunsa ya yi fari fat. Mayafi ya bi ƙafar dama har ƙasa, a hagu kuwa ya kwanta a kan katifa tun daga gwiwa. Na durƙusa a bakin gadon.

"Uwata, an gama? Yaya takardun?"

"Baba, don me?"

"Tambayarki na yi."

Na ce na rubuta abin da na sani. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce da ya aiko tun ciwon yana ƙarami, da ko ba komai an gwada. Ya ɗan yi murmushi. "Ni fa mahauci ne. Tun ran da nama ya juya na ji da hancina, kafin Goggonki ta ji. Na ce in na kira ki yanzu, ƙafa ta tafi, karatu ya tafi. Gara a yi asarar ɗaya." Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa tun da sauran dama ya yi shiru, yanzu yake rage mini kaya. Ban tambaya ba. Na ɗaga mayafin na duba dungun, ɗinkin ya yi kyau, babu wari.

Na koma Pitowa don aiki, amma kullum da rana sai in taho. In mota ba ta cika ba in tare ta kaya, wani lokaci a bayan buhunan gero nake isowa. Ashe hanyar ba ta da wuya. Wannan ma wani abin baƙin ciki ne da na gano. Aka sallame shi, na ci gaba da wankin dungu a zauren nan, a kan cinyata kamar da. Ya daina tsokanata a kan jirgin sama, ni ma na daina yi masa faɗan shayi.

A lokacin a rediyo ake karanta sunayen waɗanda suka ci konkur. Ranar ina zauren, ina cikin naɗe bandeji, akwatin rediyon Yaya yana kan taga. Mai karantawa ya yi ta jero sunayen mutanen kudu, sai ga nawa a tsakiya, ya murɗe shi da harshen Faransanci. Goggo ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Baba ya ce, "Kai, wannan mutum ba shi da kunya, ya kama sunan uwata gatsau a gaban duniya!" Yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa na ji kamar an ɗora mini dutse. Cin jarrabawar nan ma'anarsa in tafi kudu shekaru, tafiyar kwana da kwanaki, ba Pitowa ba da ake cewa bayan gida.

Na kwana ina juya abin, da safe na yanke shawara. Na shigo zauren na tarar an yanka rago. An zaunar da Baba a kan tabarma ya jingina da bango, an ɗora masa katako a cinya, wuƙarsa a hannu, yana bin nama yana zare jijiya. Rabonsa da wuƙa tun bazara. Na zauna na ce, "Baba, ba zan tafi ba. Zan nemi a dawo da ni gari. Makaranta tana nan, wata shekara a sake."

Bai daina yanka ba. "Sake faɗa in ji."

Na sake faɗa, na ƙara da cewa babu mai kula da dungun kamar ni, kuma sai an koya masa tafiya da sanda. Sai ya ajiye wuƙar. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni ba sai ranar.

"Uwata, tun kakana muke wannan sana'a. Ba mu taɓa kayar da dabba muka yanka, sannan muka bar ta a ƙasa muka ce wata shekara ba. Abin da aka yanka ci ake yi." Ya nuna inda mayafi ya kwanta. "An riga an yanka. So kike ki mai da mini ita mushe?"

Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko ran da aurena ya mutu. Ya bar ni, ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba. Can ya kira Goggo ya miƙa mata wani abu ta kai wuta. Da ta dawo da shi a faranti, ƙoda ce cikin kitsenta, an tsaga ta biyu yadda yake tsagawa, an barbaɗa gishiri. Ya turo farantin gabana da bayan wuƙa.

"Ci."

Na ce na ƙoshi.

"Ci ina gani."

Na ci. Tana da zafi, ina tauna ina haɗiyewa da ƙyar, shi kuma ya zuba mini ido har na cinye ban bar ko kitsen ba. Sannan ya ce wa Yaya ya je tasha ya tambayo ranar da motar kudu ke tashi.